Shin Hankali Kaɗai Ya Isa Ya Gane Nagarta? Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar wani ya tambayi hikimar wani hukunci na addini a Facebook, kafin ka ce kwabo an liƙa masa suna. Wannan ya ce ɗan boko aƙida ne, wancan ya ce mulhidi, na uku ya ce ɗan koren Turawa. Daga nan zance ya koma zagi, ita kuwa tambayar a bar ta kwance. Abin da ke ƙasa tambayoyi ne da ake yawan yi game da mutanen da ke sa hankali a gaba wajen maganar addini da halin kirki. Ba fatawa ba ce, kuma ba kiran kowa ake yi ya bar abin da ya yi imani da shi ba. In za ka yi jayayya da mutum, gara ka san abin da ya faɗa da bakinsa.

Su wane ne ainihin mutanen da ake magana a kansu?

Jama'a uku ne ake yi wa kuɗin goro.

Na farko su ne masu cewa gwamnati ta tsaya a tsakiya, kada ta ɗauki wani addini ta ce nata ne. Da yawansu masu salla ne ko masu zuwa coci; maganarsu ta mulki ce. Na biyu su ne masu cewa kowace magana sai an ɗora ta a kan ma'aunin hujja kafin a karɓa, ko daga bakin wa ta fito. A cikinsu akwai masu imani, akwai marasa shi. Na uku su ne waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba, tare da maƙwabtansu masu cewa ɗan Adam ba shi da hanyar sanin akwai ko babu. Masanin halittu na Ingila, Thomas Huxley, shi ne ya fito da matsayin nan na “ba mu sani ba” a matsayin mazhaba a 1869.

Mutum ɗaya na iya haɗa ukun. Amma mafi yawa ba sa haɗawa, kuma rabin faɗan da ake yi yana tasowa ne saboda an ɗauki na farko an yanke masa hukuncin na uku.

Raba gwamnati da addini ba yaƙar addini ba ne a fakaice?

Ya danganta da ƙasar. Amurka ta rubuta a gyaran tsarin mulkinta na 1791 cewa majalisa ba za ta kafa addinin ƙasa ba, kuma ba za ta hana kowa yin nasa ba. Cikin waɗanda suka fi matsawa a yi haka akwai 'yan ƙananan ɗariƙun Kirista da suka sha wuya a hannun cocin gwamnati. Faransa ta yi tata dokar a 1905 bayan doguwar rigima da cocin Katolika, sai abin ya zo da zafi. Zafin nan ne ya kai ga hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004. Turkiyya ta soke halifanci a 1924, amma ba ta saki addini ba, hukuma ta kafa wadda ke naɗa limamai tana biyan su albashi. Wannan kam riƙe addini ne a hannun gwamnati. Indiya kuwa ta bar wa Musulmi dokokinsu na aure da gado.

Saboda haka in wani ya ce maka yana goyon bayan tsarin, tambaye shi irin na wace ƙasa.

Wannan tunani ba Turawa ne suka shigo da shi ba?

Maganar tsarin gwamnati, i, a Turai ta yi ƙarfi. Amma zuciyar muhawarar, wato ko hankali shi kaɗai yana iya gane abu mai kyau da mummuna, malaman Musulunci sun yi ta tun kafin a san da Faransa a matsayin da take yau. Suna da babi a kanta a littattafan tauhidi da usulul fiƙhu, babin *tahsini da taƙbihi*.

Mu'utazilawa, waɗanda ake danganta farkonsu ga Wasil bin Aɗa'u na Basra (ya rasu a 748), sun ce zalunci mummuna ne a karan kansa, adalci kuma kyakkyawa ne a karan kansa. Hankali yana gane haka tun kafin manzo ya zo. Shari'a tana zuwa ne ta tabbatar, ta kuma bayyana abin da hankali ba zai kai gare shi ba, kamar adadin raka'o'in salla. Hujjarsu mai sauƙi ce: je ka wurin mutanen da ba su yarda da wani annabi ba, za ka tarar suna yabon wanda ya ceci mai nutsewa a ruwa, suna zargin wanda ya ci amana. Wa ya koya musu? Alƙali Abduljabbar, babban malaminsu da ya rasu a 1025, ya cika mujalladai yana kare wannan.

Ash'arawa, mabiyan Imam Abul Hasan al-Ash'ari, suka ce a'a. Kyakkyawa shi ne abin da Allah Ya yi umarni da shi, mummuna shi ne abin da Ya hana. Babu wani ma'auni da ke sama da Shi da za a auna aikinSa da shi. Imam Gazali (ya rasu a 1111) ya ɗauki misalin mai nutsewar nan ya warware shi ta wata hanya: wanda ya faɗa ruwa ceto, in ji shi, yana hango kansa ne a matsayin mai nutsewa, sai abin ya sosa masa rai, ga kuma sabo da ya yi tun yarinta na jin ana yabon irin wannan aiki. Tausayi ne da sabo, ba wani hukunci na tsagwaron hankali ba. Abin mamaki, kusan wannan bayani ne David Hume na Skotland ya zo da shi bayan shekara fiye da 600, shi kuwa ana lissafa shi cikin manyan masu shakka a kan addini.

A lura da kyau: Mu'utazilawa ba mulhidai ba ne. Masu salla ne da azumi, suna kiran kansu ma'abota adalci da tauhidi. Kuma da suka samu kunnen sarki ba su yi wa kowa sassauci ba. A 833 Halifa Ma'amun ya fara tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne, aka ɗaure Imam Ahmad bin Hanbal, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim. Duk mai son ya ce masu bin hankali kullum su ne masu haƙuri da saɓani, to ya fara karanta wannan babi.

Mene ne labarin 'yan'uwa uku da ake yawan kawowa a nan?

Ana ba da labari cewa Abul Hasan al-Ash'ari, lokacin yana almajirin Mu'utazilawa a Basra, ya tambayi malaminsa Jubba'i game da 'yan'uwa uku: ɗaya ya mutu mumini, ɗaya kafiri, ɗaya yana yaro. Malam ya ce na farko yana Aljanna, na biyu yana wuta, yaron kuwa ba lada ba azaba.

Almajiri ya ce, “To in yaron ya ce, ya Ubangiji, me ya sa ba Ka bar ni na girma na samu darajar yayana ba?”

Malam ya ce, “Allah zai ce masa, Na san in ka girma saɓo za ka yi, sai Na zaɓa maka abin da ya fi.”

Almajiri ya ce, “To in na wuta ya ɗaga murya ya ce, ni ma Ka san abin da zan zama, me ya sa ba Ka ɗauke ni ina yaro ba?”

Malam ya yi shiru.

Ash'ari ya bar mazhabar yana da kimanin shekara 40, ya rasu a 936, kuma aƙidarsa ce aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa. Darasin da ya ɗauka shi ne hankali ba zai iya shata wa Allah abin da ya wajaba a kanSa ba. Mutumin da ba shi da imani, in ya ji labarin, wani darasi daban yake ɗauka: yana ganin shirun malamin ya nuna tambayar ba ta da amsa. Labari ɗaya, kowa ya ja shi gidansa.

Ahlussunna duka bakinsu ɗaya ne a kan cewa hankali ba ya gane nagarta?

Ko kusa. Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙandi (ya rasu a 944), wanda yawancin Hanafawa ke bi, ya yarda hankali na gane kyawun wasu ayyuka da muninsu. Ibn Taimiyya (ya rasu a 1328) da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun tsaya a tsakiya: hankali da fiɗira suna gane cewa zalunci da ƙarya munana ne, amma azaba ba ta hawa kan mutum sai manzo ya zo masa, kamar yadda aya ta 15 a Suratul Isra'i ta faɗa.

Akwai kuma abubuwan da kowane almajiri ya sani. Kafin annabci, wasu gidajen Ƙuraishawa sun taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi rantsuwar tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, abin da ake kira Hilful Fudul. Annabi (SAW) ya halarta yana saurayi, daga baya kuma ya ce da za a kira shi zuwa irinta a Musulunci da ya amsa. Masu bautar gumaka ne suka ƙulla ta. Haka nan hadisin da ke cewa an aiko shi ne don ya cika kyawawan halaye. Ba a cika abin da babu shi tun farko. Ga kuma maganar da ta shahara daga rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Wanda ya rubuta haka ya yarda ke nan cewa ana iya samun adalci a hannun wanda ba Musulmi ba.

An taɓa samun waɗanda suka wuce nan a tarihin ƙasashen Musulmi?

An samu, kaɗan. Abubakar al-Razi, likitan da ya fara bambanta agana da ƙyanda a rubuce (ya rasu wajejen 925), abokan muhawararsa sun ruwaito cewa yana ganin hankalin da Allah Ya ba kowa ya wadatar. Abul Ala'i al-Ma'arri, makahon mawaƙi na Siriya (973 zuwa 1057), ya yi baitoci masu kaifi a kan malaman kowane addini, ya kuma daina cin nama da ƙwai da madara da zuma don tausayin dabbobi. A 2013 mayaƙa masu iƙirarin jihadi sun sare kan mutum-mutuminsa a garinsu, kusan shekara dubu bayan ya kwanta dama.

Ibn Rushd ba ya cikin waɗannan, ko da yake ana yawan jefa shi ciki. Alƙali ne Bamalike a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, kuma *Bidayatul Mujtahid* da malamanmu ke karantarwa nasa ne. Matsayinsa shi ne gaskiya ba ta karo da gaskiya: in hujjar hankali tabbatacciya ta saɓa wa zahirin nassi, sai a yi wa nassin tawili. Duk da haka an kore shi daga gari an ƙona littattafansa na falsafa 'yan shekaru kafin rasuwarsa a 1198.

To wanda bai yi imani da Allah ba, daga ina yake cewa halin kirki ya fito?

Yakan fara da tambayar da Aflatun, masanin falsafa na Girka, ya sa a bakin malaminsa Sukurat a birnin Atina, kusan shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): abu yana zama mai kyau ne don an yi umarni da shi, ko an yi umarni da shi ne don yana da kyau? In ka zaɓi na farko, zai ce maka ke nan da an yi umarni da cin amanar maraya da ya zama alheri. In ka zaɓi na biyu, zai ce ke nan kyawun yana tsaye da ƙafarsa, kuma ana iya gano shi. Masu imani suna da amsa ta uku, cewa nagarta sifa ce ta Allah Shi kanSa, ba doka ce da ke wajenSa ba. Muhawarar tana nan har yau a jami'o'i.

Daga nan sai ya koma ga halitta. Mutum ba ya rayuwa shi kaɗai. Jaririnsa yana shekaru bai iya ciyar da kansa ba. Farauta da noma da tsaron gari duk sai da taro. Al'ummar da ba ta hukunta maci amana ba ta daɗewa. Don haka tausayi da kunya da jin haushin rashin adalci suka zauna a jinin mutum. Sukan kawo gwajin da Sarah Brosnan da Frans de Waal suka wallafa a 2003. An koya wa wasu ƙananan birai su miƙa tsakuwa a ba su yankan kokwamba, suna karɓa suna ci lafiya lau. Sai aka fara ba na kusa inabi a kan aiki iri ɗaya. Nan take wanda ake ba kokwamba ya fara ƙin karɓa, wani lokaci ma ya yi wurgi da ita. Birin nan ba wanda ya yi masa wa'azi.

Mumini zai ce, ai wannan ita ce fiɗirar da muke faɗa, Mahalicci ne Ya dasa ta. Gwajin ya nuna akwai abin a cikin halitta; bai faɗi wanda ya sa shi ba.

Da wane ma'auni suke yanke hukunci in abu ya rikice?

Manya uku ne. Jeremy Bentham da John Stuart Mill na Ingila suka ce a duba sakamako: me zai rage wahala ya ƙara jin daɗi ga mafi yawan jama'a? Immanuel Kant na Jamus (ya rasu a 1804, kuma shi ya yi imani da Allah) ya ce a duba ƙa'ida: kada ka yi abin da ba za ka so ya zama doka ga kowa ba, kada kuma ka mai da mutum kayan aiki kawai. Aristo na Girka kuwa cewa ya yi a gina hali tun daga yarinta, har gaskiya da kyauta da jarunta su zama jiki. Wannan ta ukun ta shigo littattafan Musulunci ta hannun irin su Miskawaihi, kuma ana jin ƙamshinta a babukan gyaran zuciya na Gazali.

Ukun ba sa jituwa koyaushe. Azzalumi ya zo da takobi yana tambayar inda wanda ya ɓuya a gidanka yake. Mai duba sakamako zai ce yi masa ƙarya. Kant, a wata maƙala ta 1797, ya ce ko a nan ƙarya ba ta halatta. Malaman usulu sun tattauna kusan wannan misali ƙarnuka kafin shi, kuma suka ce a nan ƙarya ta halatta, har ta wajaba. A ganina sun fi shi gaskiya.

In babu hisabi, me zai hana mutum cuta a inda ba mai ganin sa?

A nan gizo ke saƙa, kuma a nan ne nake ganin ƙafar masu cewa hankali ya isa ta fi rauni.

Ɗauki mai awon hatsi a kasuwar ƙauye. Ya bubbuga gindin mudunsa ya shige ciki kaɗan, yadda ido ba zai gane ba. Tsohuwa ta zo daga nesa ta auni gero mudu biyar, ba za ta sake dawowa wannan kasuwa ba, ba ta da sikeli a gida. Ba ɗan sanda, ba sarkin kasuwa, ba wanda zai taɓa sani. Bayanin da aka yi a sama yana gaya mana dalilin da ya sa yawancin mutane za su ji wani abu ya tsaya musu a ƙirji in suka yi haka. Amma in mai awon ya ce, “Na ji abin, na danne shi, kuma ribata ta ƙaru,” da me za ka kama shi? Hume da kansa ya lura, tun wajejen 1740, cewa ba a tsallakawa daga “haka abu yake” zuwa “haka ya kamata a yi” ba tare da an ƙara wani abu a tsakani ba.

Amsoshinsu ba na banza ba ne. Suna cewa mai ha'inci yana lalata kansa ne ko ba a kama shi ba, domin hali ba riga ba ce da za a tuɓe a ƙofar kasuwa. Suna cewa wanda tsoron wuta kaɗai ya hana shi cuta, ba mutumin kirki ba ne, matsoraci ne mai lissafi. Wannan kuwa sufaye ma sun faɗa, don an san maganganun da ake dangantawa ga Rabi'atul Adawiyya a kan bautar da ba ta tsoron wuta ko kwaɗayin Aljanna ba. Sannan suna yin tambayar da ke da ciwo: masu bubbuga gindin mudu a kasuwanninmu, ba su san Suratul Muɗaffifina ba ne? Da yawansu sun haddace ta.

Duk da haka akwai abin da imani ke bayarwa wanda ba su da madadinsa. Tsohuwar nan, a lissafin mumini, za a biya ta geronta wata rana. A lissafin wanda bai yarda da Lahira ba, an cuce ta ke nan, shi ke nan. Masu gaskiya a cikinsu sun yarda da haka, sai su ce shi ya sa dole a gyara mudun tun a nan.

Gaskiya ne ƙasashen da addini ya yi rauni sun fi riƙon amana?

Cibiyar bincike ta Pew ta tambayi mutane a ƙasashe 34 a 2019 ko sai mutum ya yi imani da Allah zai zama mai halin kirki. A Najeriya kashi 93 cikin 100 suka ce i. A Suwidin kashi 9 kacal. Kuma kowa ya san a jerin ƙasashen da cin hanci ya yi ƙaranci, Denmak da Finlan da Suwidin suna can sama, mu muna can ƙasa.

Wannan ya isa ya rusa da'awar cewa in addini ya ja baya sai jama'a su koma cin naman juna. Amma bai isa ya tabbatar da cewa rashin addini ne ya gyara su ba. Ƙasashen nan sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin coci, a can suka koyi karatu, kuma suna da kotunan da ke aiki, da albashin da ke isa, da hukumar haraji da ba ta barci. Ma'aikacin da ya san za a kama shi, kuma ya san in ya yi ritaya fanshonsa zai fito, ba ya fuskantar jarrabawar da namu ke fuskanta.

Su masu bin hankalin ba su da nasu laifin a tarihi?

Suna da shi, mai yawa. Tarayyar Sobiyet ta rusa masallatai da coci-coci, ta kashe malamai da limaman Kirista. Albaniya a ƙarƙashin Enver Hoxha ta rufe wuraren ibada sama da 2,000 a 1967, ta haramta addini ɗungurungum. A Amurka, da sunan kimiyyar gyaran iri, an yi wa mutane sama da 60,000 aikin hana haihuwa dole, kuma Kotun Ƙoli ta amince da haka a 1927. Hume da Kant, waɗanda aka ambata a sama da girmamawa, dukansu sun rubuta maganganun ƙasƙanci a kan baƙar fata, irin waɗanda 'yan mulkin mallaka suka samu abin dogaro a cikinsu.

Masu kare su za su ce waɗannan sun saɓa wa hankali ne, ba bin sa suka yi ba. To, daidai abin da mumini ke faɗa ke nan in aka ambaci masu kisa da sunan addini. In an karɓi uzurin daga ɓangare ɗaya, sai a karɓa daga ɗayan.

Me ya sa suke nacewa a kan hujja haka? Mutum ba shi da 'yancin ya yarda da abin da ya ga dama?

Wani masanin lissafi na Ingila, William Clifford, ya ba da misali a 1877. Mai jirgin ruwa ya san jirginsa ya tsufa, zuciyarsa na raya masa a duba shi, amma gyara na da tsada. Sai ya lallashi kansa cewa jirgin ya sha yin tafiya lafiya, Allah zai kiyaye. Ya cika shi da fasinja, jirgin ya nutse. Clifford ya ce mutumin nan da gaske ya yarda jirginsa lafiya yake, amma ba shi da haƙƙin yarda da haka, don bai bincika ba. Har ya ƙara da cewa ko da jirgin ya isa lafiya, laifin na nan.

Wannan ɓangare na maganarsu yana da amfani ko ga wanda ya ƙi sauran. Yaro ya yi zazzaɓi yana sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa, kafin magariba an taru a ƙofarta ana cewa mayya ce ta kama kurwarsa. Ba wanda ya kai yaron a gwada jininsa. Leo Igwe, ɗaya daga cikin sanannun marasa addini a Najeriya, ya shafe shekaru yana bin irin waɗannan shari'o'i yana kare waɗanda aka yi wa ƙazafin maita. Musulmin da ya san aya ta 6 a Suratul Hujurati, mai umarni da a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci, ba shi da dalilin yin faɗa da shi a kan wannan aiki.

Me dokar Najeriya da ta Nijar suka ce?

Sashe na 10 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da 'yancin sauya shi. Amma tsarin mulkin nan dai shi ne ya tanadi kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a, gwamnati kuma tana da hukumar alhazai da ta masu ziyarar Kirista. Shi ya sa lauyoyi da yawa ke cewa Najeriya ƙasa ce mai addinai da yawa, ba wadda ba ruwanta da addini ba. Rigimar ta daɗe: a 1978 wakilai Musulmi sun fice daga majalisar tsara tsarin mulki a kan batun kotun Shari'a ta tarayya, sannan daga 1999 Zamfara ta buɗe ƙofar faɗaɗa Shari'a zuwa laifuffuka, har jihohin da suka bi wannan hanya suka kai 12. Nijar ta gaji salon Faransa. Tsarin mulkinta na 2010, wanda sojoji suka jingine a 2023, ya ambaci raba gwamnati da addini ƙarara, duk da cewa kusan kowa a ƙasar Musulmi ne.

A aikace, rashin addini shi kaɗai ba laifi ba ne a dokar tarayya. Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne ta jihar Ogun a 1956, ya rayu yana faɗin rashin imaninsa a fili har ya rasu a 1994, kuma iyaye Musulmi da Kirista suna kai masa 'ya'yansu. Abin da doka ke hukuntawa shi ne cin zarafin addini da tayar da hankalin jama'a, kuma a Arewa layin da ke tsakanin bayyana ra'ayi da ɓatanci siriri ne ƙwarai. An kama Mubarak Bala, shugaban wata ƙungiyar marasa addini ta Najeriya, a Kaduna a watan Afrilun 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook. Babbar kotun jihar Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022 bayan ya amsa tuhumar, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024, daga baya aka sake shi.